Kishimin da ke kwana cikin kacala: in shiga in same shi ko in jira a baki?

Baƙon Sanyi:
Salamu alaikum 'yan uwa maharba. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri bayanin zai ɗan yi tsawo. Ina zaune a jihar Wiskonsin ta Amurka, shekara ta uku kenan ina bin wani dattijo maƙwabcina farautar barewarsu, mai farin wutsiyar nan da in ta firgita take ɗaga jela sama ka ga fari fat tana tsalle. A bana kwari da baka na ɗauka, irin na zamani, wanda in ba ka matso dabba kamar taku 30 ba to kar ma ka ɗana.

Inda nake zuwa filin gwamnati ne, fadama ce cike da kacala ta fi tsayin mutum, ruwa zuwa ƙwauri, a tsakiyarta akwai ɗan tudu da bai fi filin masallacin unguwa ba, 'yan bishiyoyi da ƙaya. Nan wani babban kishimi, wato namijin barewar, yake kwana. Na san haka ne don a watan Maris da ƙanƙara ta narke na kutsa na ga makwancin da idona, ciyawa ta kwanta ta yi kwano, farin gashin cikinsa a warwatse, har ɓari ɗaya na ƙahonsa na tsinta don su duk shekara ƙahon yake zuba wani ya tsiro. Yanzu kuma ga bishiyoyi a bakin fadamar ya goge musu ɓawo da ƙaho, wasu kaurin ƙwaurina. Kyamarar da na ɗaure a bakin gonar masara tana kama shi, amma ƙarfe 1, ƙarfe 2 na dare, ba ya taɓa fitowa da haske. Sau bakwai ina zama a bakin gonar nan, mata da 'ya'ya kawai nake gani. Sau biyu kuma ana gab da magariba na ji an yi huci mai ƙarfi daga cikin kacalar, fuuu, shikenan tsit.

Saura kamar sati uku a buɗe farautar bindiga, kwana 9 ce, kuma mutum sama da rabin miliyan ke yankar lasisi a jihar nan, in suka cika daji magana ta ƙare. To in kutsa in same shi a ɗakinsa ne ko in ci gaba da jira?

Mai Karnuka:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kai da kake da wuri ka san inda nama yake kwance kuma kake tambaya? A tara mutum goma a zagaye fadamar, a saki karnuka shida daga gabas, wallahi kafin a sha ruwa ya fito. Mu haka muke yi wa gada da zomo in sun shige sarƙaƙiya, me ye na zama kan bishiya kamar mai gadin gona

Baƙon Sanyi:
Yaya Mai Karnuka ai a nan haramun ne a doka ka bi barewa da kare, haka haska ta da fitila da dare. Lokacin harbi ma ƙayyadadde ne, daga minti 30 kafin fitowar rana zuwa minti 20 bayan faɗuwarta. Kora da mutane ana yi amma sai lokacin bindiga, da baka ba ka harbin abin da ke gudu.

Ɗan Nguru:
Kai ashe kacalar da ta hana mu sakat a nan, ta toshe mana hanyoyin ruwa tun daga Haɗeja har Nguru, ita ce can ta zama gidan barewa, ikon Allah. Abu ɗaya zan faɗa maka don ni a cikinta na tashi: busasshiyar kacala ba a ratsa ta a ɓoye. Ko agwagwa ce ta shiga sai ka ji kacau kacau daga nesa balle mutum da kaya a baya. In za ka shiga sai dai ka bi inda ruwa ya buɗe, ka dinga jan ƙafa cikin ruwan ba ɗagawa ba.

Ɗan Sarkin Baka:
Na karanta wa Baba tambayarka, shi ba ya rubutu, yana faɗa ina rubutawa. Shekararsa sama da 50 yana harbin mazo a kurmin wajenmu ƙasar Ningi. Ya ce kafin ya ce komai ka amsa masa uku. Gonar da kake zama tana wane gefen fadamar? Iskar wajenku a wannan lokaci daga ina ta fi tasowa? Sannan wajen zamanka ya fi fadamar tudu ko daidai suke?

Baƙon Sanyi:
Allah ya ja kwanan Baba, ka gaishe min shi. Gonar tana yamma da fadamar, nan ne ma wajen ajiye mota. Iska yawanci daga yamma take ko arewa maso yamma. Kuma eh gonar ta fi tudu, gangara ce zuwa ruwan.

Ɗan Sarkin Baka:
Baba ya girgiza kai ya ce yaro ai sau bakwai ɗin nan sallama kake zuwa yi masa. Ya ce tun daga inda ka rufe ƙofar mota iska ke ɗaukar warinka ta kai masa har kan gado, shi ya sa ma ya zaɓi wurin, don duk ɗan Adam ta nan yake zuwa. Ya ce namijin dawa da ya tsufa ba ya kwanciya don daɗin wuri, yana kwanciya ne inda hancinsa zai tsare masa baya, idonsa ya tsare masa gaba, kunne kuma ya ji duk abin da ya taɓa ciyawa. Ka duba makwancin mazo ko'ina, iska na bugun ƙeyarsa, fuskarsa na kallon inda iskar ke tafiya, kuma kullum akwai ƙofa biyu ko uku ta gudu.

Sai maganar hucin magariba. Ya ce ko ranar da iska ta yi maka daidai, da zarar rana ta yi ƙasa iska ta kwanta, sanyi gangarowa yake kamar ruwa, ya bi kwari ya sauka rafi, to yana tafiya da warinka. Da hantsi kuma in ƙasa ta ɗumama iskar hawa take. Ya ce wannan ba a Ningi kaɗai ba ne, duk inda Allah ya yi tudu da kwari haka ne. Wato lokacin da kishimin ya miƙe zai fito, daidai lokacin warinka ke sauka kansa.

Baƙon Sanyi:
Innalillahi. Wallahi dattijon nan nawa ya taɓa min maganar iskar da ke sauka da yamma ban ɗauke ta da nauyi ba, ni dai ina duba waya in ga ta ce iska daga kudu sai in ce yau lafiya.

Direban Ohayo:
Waya tana faɗa maka iskar filin jirgi ne ɗan uwa, ba iskar gindin bishiyarka ba. Ka nemi audugar ciyawar nan mai farin ruwa da ke fashewa a kaka, 'yar uwar tumfafiya ce sak, ka cika aljihu, kana saki ɗaya ɗaya kana bin ta da ido har taku 40, za ka sha mamaki yadda take lanƙwasa ta koma inda ba ka zata ba.

Amma ni ra'ayina ya bambanta da masu cewa a jira a nesa. Shekara tara ina wannan abu a Ohayo, duk babban da na taɓa samu a kusa da makwancinsa na same shi. Dalili kuwa tsohon kishimi a filin gwamnati ba ya yin nisa da gadonsa da haske, zai miƙe, ya yi miƙa, ya tsaya shiru minti goma sha, ya ɗan ci ganye, kafin ya yi taku 80 duhu ya yi. Kai kuma kana can taku 400 kana jira. Har abada hoton dare za ka dinga tarawa. Ka matsa ka shiga cikin taku 70 zuwa 100, amma ka sani harsashi ɗaya gare ka, zaman farko shi ne zama, in ka ɓata shi ka bar wari a wurin to sai baɗi.

Malamin Daji:
Taku 70 a cikin busasshiyar kacala? Alhaji wannan caca ce. In ya tashe shi fa? Filin gwamnati ne, zai tsallaka gonar wani da ba shi da izinin shiga, shikenan an yi biyu babu. Ni na yi aikin gandun daji shekaru, na ga yadda mazo yake a bakin kogin Gaji cikin Yankari inda ba a harbinsa, da rana tsaka za ka gan shi yana kiwo, har bin gwaggon biri yake yana tsintar 'ya'yan itacen da suka kakkaɓo. Amma wanda ke wajen iyaka inda ake matsa masa ya koma na dare gaba ɗaya. Matsi ne ke mai da dabba ta dare ba halitta ba. Baƙon Sanyi ya riga ya matsa masa sau bakwai, ƙara kusantarsa ƙara matsi ne.

Kuma akwai abin da kuka manta, farkon Nuwamba ake shiga, lokacin barbararsu kenan. A kwanakin nan namiji ba ya zaman gida, yawo yake yana bin duhuwar da mata ke kwana, yana bi ta gefen da iska ke fita yana sunsuna ko akwai wadda ta shirya. Ni da ni ne, makwancin matan zan nema in zauna ƙasan iskarsa tun safe har yamma, har da tsakar rana, in bar masa tudunsa.

Direban Ohayo:
Malam maganar barbara gaskiya ce ban musa ba, amma ita ma ai cacar ce, ta ma fi. In barbara ta kankama zai iya bin mace ya yi mil biyu ko uku, wani can da bai taɓa ganinsa ba ya harbe shi. Yanzu kafin ta kankama ne kaɗai ka san adireshinsa.

Mai Karnuka:
Duk wannan lissafi a kan dabba ɗaya. Mu fa in muka fita gayya mota biyu muke cikawa, a cinna wa ciyawa wuta ta gefe, abin da ke ciki ya fito, kowa ya samu na miya

Malamin Daji:
To Yaya Mai Karnuka tsakani da Allah, motar nan biyu me kuke dawowa da shi yanzu? Gafiya da zomo da bushiya. Ina gadar, ina batsiya, ina kwanta-rafi? Ba gori nake maka ba, ni ma gidan maharba na fito kuma abin yana ci min rai. Wutar da kuke sawa makwancin take cinyewa, inda uwa ke ɓoye ɗanta. Su waɗannan da muke magana a kansu sun taɓa kai barewarsu bakin ƙarewa, wajen shekarar 1900 abin da ya rage a ƙasar duka bai wuce dubu 500 ba, yau ana maganar miliyan 30. Hana sayar da naman daji suka yi, suka sa lokaci da adadi, sannan a 1937 suka yi dokar da harajin bindiga da harsashi ke tafiya kai tsaye wajen kula da dabbobin da dazukansu. Mu ma muna da dokar namun daji ta Arewa tun 1963, tana nan a takarda.

Mai Karnuka:
Malam ka faɗi gaskiya a wani wajen amma kar ka ɗora mana duka. Noma ya cinye daji, masu gawayi sun sare sauran, wanda ya rage kuma irin su Kamuku da Rugu wa ya isa ya shiga yanzu? Rabin abokan farautata sun koma sintiri suna tsaron gari. Ni dai wuta na yarda ɓarna ce, mahaifina ma ba ya sawa.

Mahalbin Maraɗi:
Gaisheku 'yan uwa. Ni wajenmu babu kurmi irin naku, sabara ce da geza da ƙalgo, amma barewa ko a hili tana da inda taka kwana, gindin wani ɗan kumci inda taka hangen nesa. Tsohina da kan burtu shika matso ta, shi ɗaura a goshi shi duƙa shina tahiya shina caccakar ƙasa kamar tsuntsun, tun hantsi har azahar bai ci taku ɗari biyu ba. Abin da shika ce muna kullum, ido ana ruɗinshi, kunne ana ruɗinshi, hanci ba a ruɗinshi. Toka shika ɗaurawa a tsumma shina kaɗawa, in ta nuna iska ta juya sai shi koma gida ko da naman na gabanshi. Wanga shi ne nawa, in iska ba taka ba ce kak ka tahi.

Baƙon Sanyi:
Wannan magana ta ido haka take a nan ma. Lokacin bindiga dole ka sa kaya ruwan lemu ko ruwan hoda mai ƙyalli don kar wani ya harbe ka, kuma barewar ba ta damu da kalar ba, an ce shuɗi ne take gani sosai, sai motsi. Amma wari kam, akwai sabulai da feshi iri iri da ake sayarwa wai suna kashe warin mutum, na kashe kuɗi a kansu, sau biyun nan da ya yi min huci duk na fesa.

To yanzu ga Direba ya ce in matsa, ga Malam ya ce in ja baya. Baba me ya gani?

Ɗan Sarkin Baka:
Baba ya ce dukansu biyu maharba ne, kowa ya faɗi rabin magana. Ya ce ka matsa, amma makwanci ba a taka shi kuma ba a harbi a cikinsa, tun kakanninsu haka suka gada. Ka tsaya inda in ya yi tari za ka ji, in kai ka yi ba zai ji ba.

Ga yadda ya ce. Ka manta da gonar da wajen ajiye motar nan. Ka zagaya ta gabas ko da tafiyar awa ce, ka shigo iska na dukan fuskarka. Kar ka je da asuba, don da asuba yana dawowa ne kuma mazo ba ya shiga gadonsa kai tsaye, sai ya yi baka ya zagayo ta ƙasan iska ya sunsuna wurin tukuna, in kana nan zai same ka. Ka shiga da rana tsaka lokacin da ya yi nauyi yana tuƙa, kuma ka zaɓi ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi har ciyawar na ƙara da kanta, in ta kaɗa ka taka, in ta tsaya ka tsaya. Ya ce kar ka zauna a kan hanyar da yake fita ma, ka zauna gefenta, yadda iskar za ta zama kamar tasa ce amma ta kuskure ka kaɗan, don ba zai yarda ya taka inda hancinsa bai share masa ba. Kuma kar ka taɓa ganye da hannu, kar ka tsallaka turbarsa.

Ya ƙara da cewa in ka je ka ga iskar ta juya, ka tashi ka fita nan take, kar ka ce bari in ɗan ƙara minti biyar, wai minti biyar ɗin nan ta raba shi da wani mazo da ya bi damina biyu.

Direban Ohayo:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, wallahi abin da Turawan nan ke rubuta littattafai a kai kenan. Ƙari ɗaya, in za ka hau bishiya kar ka yi sama sosai a irin wannan wuri, bishiyoyin fadama ƙanana ne zai hango ka a sarari, kuma dan Allah ka ɗaura igiyar tsaro tun daga ƙasa, faɗowa daga bishiya ta fi harbin kuskure raunata mafarauta a ƙasar nan. Sannan bayan harbi ka duba jinin da ke jikin kibiyar. Ja mai haske da kumfa huhu ne, ba zai yi nisa ba, ka ba shi rabin awa. Mai duhu hanta ce, sai awa huɗu ko fi. In ka ga kore kore da wari tumbi ka samu, ka fita a hankali sai gobe, in ka bi shi zai tashi ya yi ta gudu ka rasa shi.

Almajirin Zariya:
Ku gafarce ni in sa baki, ni ba maharbi ba ne amma maganar "sai gobe" ɗin nan tana da hukunci, tunda ci za a yi. Na farko ka yi bismilla lokacin sakin kibiyar. In ka iske shi da sauran rai dole ka yanka. In ka iske kibiyarka ta riga ta kashe shi ya halatta, amma a Risala an sa sharaɗin kada ya kwana ba ka gan shi ba, sannan aka kawo wani ƙaulin cewa wannan sharaɗi na abin da kare ko shaho ya kashe ne, in kibiya ce aka same ta a makisa ba laifi. Na biyu kuma wanda ya fi shafarka, hadisin Adiyyu ɗan Hatim, Annabi SAW ya ce masa in ya sami abin da ya harba ya faɗa ruwa kar ya ci, don bai sani ba ruwan ne ya kashe ko kibiyar. Kai kuma ga ka a tsakiyar fadama. Don haka ka yi ƙoƙari harbin ya zama na huhu, in ba ka samu haka ba gara ka ƙyale.

Baƙon Sanyi:
Allah ya gafarta Malam, wallahi ban taɓa haɗa maganar ruwan nan da halin da nake ciki ba sai yanzu. Na gode ƙwarai. Wuƙa kullum tana ƙuguna. Zan jira iskar arewa maso yamma mai ƙarfi, duk yadda ta kasance zan dawo in faɗa muku.

Ɗan Nguru:
Ka sa dogon takalmin roba mai kaiwa ƙirji, kuma ka riƙe sanda kana gwada ƙasa, ƙarƙashin kacala akwai ramukan laka da ke haɗiye mutum zuwa ƙugu. Ka faɗa wa wani inda za ka.

Baƙon Sanyi:
Salamu alaikum, na dawo, kwana goma sha ɗaya kenan. Bari in ba ku labari tiryan tiryan.

Kwana huɗu ina jiran iska. Ranar da ta zo na ajiye mota a wata hanya can gabas, na bi wani tsohon magudanin ruwa da ya ratsa fadamar, ruwan sanyi kamar ana yanka ƙafa. Taku wajen 300 na ƙarshe sai da suka ci min kusan awa biyu, ina yi yadda Baba ya ce, iska ta kaɗa in ja ƙafa, ta tsaya in tsaya. Na sami wani ɗan harshen tudu kudu maso gabas da makwancin, kamar taku 90, ban hau bishiya ba ma, na zauna a ƙasa na jingina da wani kututture. Ina sakin audugar nan tana yin nesa da tudunsa ta faɗa ruwa.

Wajen ƙarfe 4 da kwata sai na ga saman kacala ya motsa ba irin motsin iska ba, sai ga ƙaho. 'Yan uwa ban taɓa ganinsa da ido ba sai ranar, wuyansa ya kumbura ya yi kauri kamar na bijimi. Ya tsaya cak, hanci sama, yana lasar hancin yana juya kunne ɗaya gaba ɗaya baya, na ƙirga a raina ya fi minti goma bai ɗaga ƙafa ba. Ya zo har taku 45 ya tsaya bayan wata ƙaya yana goga goshi a reshe, ina ganin ƙirjinsa rabi, hannuna na rawa, maganar Almajirin Zariya ta faɗo min na ce a'a. Lokacin harbi ya ƙare yana nan. Sai da na zauna cikin duhu fiye da awa ɗaya har na daina jin takunsa sannan na lallaɓa na fita ta inda na shigo, haƙorana na kaɗawa.

Direba ya ce zaman farko ne zama, na yi zaton na ɓata. Amma tunda bai ji ni ba na ce bari in gwada. Kwana shida iska ba ta dawo daidai ba, ban leƙa ko kusa ba. Jiya ta dawo. Na matsa taku 20 gaba zuwa kusa da ƙayar nan. Wannan karon tun ƙarfe 3 da rabi wata mace ta ratso, ba a yi minti biyar ba sai ga shi a bayanta hanci a ƙasa, Malamin Daji maganarka ta barbara ta fito. Taku 22, ya ba ni gefe, na yi ɗan ƙara da baki ya tsaya, na ce bismillahi Allahu akbar na saki. Ya zabura ya yi cikin kacala, ina jin kacau kacau sai na ji shiru. Kibiyar ta fita ta ɗaya gefen, jini ja da kumfa. Ban iya cika rabin awar ba saboda tunanin ruwa, na bi jinin a jikin ganye, taku kamar 60 na same shi a kan busasshiyar ƙasa, ya riga ya cika, huhu biyu. Alhamdulillah.

Almajirin Zariya:
Alhamdulillah, halal ɗinka ne, Allah ya sa albarka.

Mai Karnuka:
Kai barka! To na sallama, amma fa ni ba zan iya zaman awa huɗu cikin ruwan sanyi ba ko da ɓauna ce. Ya kuka fito da shi?

Direban Ohayo:
Barka ɗan uwa, wallahi kamar ni na harba. Kar ka manta ka kai kan a gwada cutar nan mai lalata musu ƙwaƙwalwa, tun 2002 aka gano ta a jiharku kuma ta fi yawa a kudanci. Ka ajiye naman a firiza da alama, kar a ci sai sakamako ya fito.

Baƙon Sanyi:
Na yi rajistarsa a waya tun daren, na kai kan da safen nan, sun ce a jira kwanaki. Fitowa da shi kuwa Yaya Mai Karnuka ita ce farautar gaske, ni da dattijon nan da jikansa muka ɗora shi a kan wani kwale-kwalen roba na jan kaya muka bi magudanin, sai ƙarfe 11 na dare muka kai mota. In sakamako ya yi kyau cinya ɗaya kilishi za ta zama, na riga na sa a nemo min ƙuli-ƙuli a shagon 'yan Afirka.

Ɗan Sarkin Baka:
Baba ya yi murna sosai, ya sa na karanta masa sau biyu, wajen da ka ƙi harbi a taku 45 ya ce a maimaita masa. Yana tambaya, da kuna jan naman kun bi ta kan tudun?

Baƙon Sanyi:
A'a, ta nan ne ma ya fi kusa amma muka zagaye, kayan cikin ma ban zubar a wurin ba. Dattijon ya ce tudu irin wannan ba ya zama kango, kafin baɗi wani babban zai gaje shi.

Ɗan Sarkin Baka:
Ya ce madalla. Ya ce ka turo masa hoton kofaton ka ɗora yatsunka a gefe, ƙahon kowa zai gani, shi sawun yake so ya gwada da na mazo.